Bindigar da Ta Gagari Gari

Abin da ya fara ɓacewa a gidana shi ne famfon busa taya. Ba mu da keke, amma famfon na gado ne, kuma da shi nake hura wuta idan ɓawon kwakwa ya jiƙe. Bayansa sai kwalbar man keken ɗinkina, sai silifas ɗina na ƙafar hagu. Na hagun kawai. Ina tsaye a tsakar ɗaki da takalmi ɗaya ina tambayar kaina wane irin ɓarawo ne wannan mai ƙafa guda, sai na jiyo ƙarar zarto daga ɗakin ajiya. Nan na gane ɓarawon nake aure tun ina budurwa.

Mijina La Ganiru ya yi zamani a cikin ruwa. A duk ƙauyenmu da ke tsaye bisa turaku a kan teku, babu wanda ya kai shi nutso, babu wanda ya kai shi saiti. Bindigar kifinmu katako ce da robar cikin tayar mota: ka ja robar da hannu biyu ka maƙala ta a gindin mashi, ka nutse, ka saki. To tun lokacin iskar yamma kafaɗarsa ta dama ta ce ita ta gaji. Sai ya fita da safe ya dawo da rana hannu rabbana, amma bakinsa cike da dalilai. Yau kifaye sun yi ƙaura zuwa tsibirin Tomia, gobe wata ne ya yi haske da yawa, jibi kuma robar zamani ce ba ta da tarbiyya.

Ɗanmu La Ramuli yana noman ciyawar teku, kuma ya daɗe yana hangen kwalekwalen ubansa. Ran nan ya zo da liman don kada a ce ya yi rashin kunya, ya durƙusa ya ce, “Baba, mutumin da ba ya iya ɗana bindiga me yake nema a tsakiyar teku shi kaɗai? Ka ba ni kwalekwalen in riƙa kwasar ciyawa. Kai kuma ka zauna a inuwa ka taya su Inna ɗaura iri a igiya.”

“Ni? In zauna cikin mata ina ƙulla ciyawa?”

“Ai sana'a ce, Baba.”

“Sana'ar kakarka ce.”

Liman ya shiga tsakani, aka yanke cewa bayan sabon wata ya kama, La Ganiru zai fita a gaban jama'a, ya ɗana bindiga da hannunsa, ya kawo kifi. In ya yi, kwalekwale nasa ne. In ya kasa, ya miƙa. Wannan kwalekwalen shi ya sassaƙa shi da kansa shekarar da aka ɗaura mana aure, kuma na san ranar da aka kwance shi daga turkenmu, ranar mijina zai fara mutuwa a zaune.

Ni kuwa an sa ni a tsaka mai wuya. Ba na son teku ta cinye min miji. Amma kuma na taɓa ganin zamansa a gida na mako guda, lokacin da ya yi zazzaɓi. A makon nan ya gyara min murhu har ya daina kamawa, ya gyara rediyo har ta koma kama tashar jiragen ruwa kaɗai.

Da suka tafi ya kalle ni ya ce, “Innar Ramuli, roba ce mai neman ƙarfi. Iska kuwa kai ne kake auna mata.”

Ashe ya taɓa ganin wani baƙo a garin Wanci da bindigar da ake dura wa iska, ya karɓa ya jujjuya, ya leƙa bakinta da ido ɗaya, shi ke nan ya ɗauka ya gama karatu. Yadda ya yi min bayani, bututu ne da ake matse iska a cikinsa, da wani toshi mai kai da kawowa. Ka tura mashi ta baki ya danne toshin har kunama ta kama shi. In ka ja kunama, iskar da aka takura ta huce haushinta a kan mashi. Ya ce turawa ba ja ba ce, da hannun hagu da nauyin jiki ma an gama.

Na ce, “To silifas ɗina fa, laifin me ya yi?”

“Shi ne zai hana iska tsiyaya. Ki yi alfahari.”

Ya rufe kansa a ɗakin ajiya ya sa sakata, kuma yana da dalili. A garinmu ba a wuce aikin mutum sai an sa hannu. In ka tarar ana ɗinkin taru ka ƙulla ko ƙulli ɗaya, in ana goga rogo ka goga sau ɗaya, in ana ɗora rufi ka miƙa ko ƙusa. Wanda ya wuce bai taɓa ba, cewa ake yi yana shirin ɗaukar gawarsa da kansa. Wanda kuma ya ce a bar masa abinsa, ya zagi gari. Shi ya sa miyar bikin Wa Kamba mai sayar da kifi ba ta ciwu ba bara, don kowace mace da ta wuce tukunyar sai da ta taimaka da gishiri. La Ganiru ya ce nasa aikin na awo ne, ba ya son hannu da yawa.

Bindiga ta farko da bututun ruwa na roba ya yi ta. Ya gwada a ƙarƙashin gida, mashin ya fito a hankali, ya yi kamar zai tafi, sai ya sake shawara ya faɗi a gaban ƙafarsa. Wani ƙaramin kifi ya zo ya shinshina shi ya wuce.

Ta biyu tana harbi, amma tana tsiyaya. Duk inda ya nufa a ruwa kumfa na bin bayansa ɓul-ɓul-ɓul, matan da ke wanki a kan gada suka riƙa toshe hanci suna tambayata me nake dafa masa.

“Tsohuwa, rage masa dankali!” in ji Wa Kamba.

Na ce, “Ke dai ji da gishirinki.”

Ta uku ita ce ta yi kyan gani. Ya je wurin La Poasa makaniki ya roƙo shokazoba ta wani mataccen babur, ya sa mata bakin iska na tayar keke, ya sassaƙa mata mariƙi da itacen mangwaro. Da kunamar ta riƙa kuɓucewa, sai cokalina na ƙarfe ya bi sawun silifas. Famfon mahaifina ma ya farke shi ya sauya masa ciki don ya riƙa matsa iska da ƙarfi. Yana busawa yana tsayawa, yana gwada tura mashi, yana rage iska da kan ƙusa, yana ƙarawa. Ya ce dole a sami daidai wurin da iskar za ta isa huda kifi amma ba ta fi ƙarfin mai ita ba. Sau da yawa ina jin nishinsa ta bayan ƙofa, in na tambaya ya ce waƙa yake yi.

Ranar gwaji ta zo. Bayan sallar asuba ya shiga ɗakin ajiya ya daɗe. Da ya fito fuskarsa ba ta yi min ba, ko shayin da na zuba bai kalla ba. Ya ɗauki bindiga da famfo a maƙale da ita, ya fita ya jingine su a kan gadar katako, daidai mararrabar da ke zuwa masallaci da kasuwa. Ya ce zai je gidan ƙaninsa a ƙarshen gari ya karɓo tabaransa na nutso.

Na bi shi da ihu, “Baban Ramuli, ga tabarau nan a wuyanka!”

Ko waiwaye bai yi ba. Na ce a raina, shi ke nan, kafaɗa ta tafi, ga kai ma ya bi ta.

Na koma madafa ina matse rogo don in turara kasuami, tuwon rogonmu na guzuri. Can sai na ji famfo yana fis, fis, fis. Na ɗauka ya dawo, na ɗaga murya ta bango na ce, “Tsohon kawai, sai ka fasa mana gida hankalinka zai kwanta?”

Sai wata murya ta ce, “Wa alaikumus salam, Innar Ramuli.”

Liman ne. Ya ga aiki a jingine, ya yi bismillah ya ɗan taimaka. Kunya ta kama ni, na leƙo na yi masa godiya har da durƙuso. Bayansa sai malamin makaranta, ya ajiye jaka ya busa nasa. Sai masu zuwa kasuwa, sai masu dawowa daga kasuwa, waɗansu ma da suka busa a tafiya suka sake busawa a dawowa don kada a ce sun yi rowa. Wasu surukai biyu da ba sa ga maciji suka haɗu a wurin, kowanne ya ce ba za a fi shi ba, suka yi ta karɓe-karɓe har hulunansu suka faɗa ruwa. Ni dai ina ta sannu da aiki. Ina ruwana, iska ai iska ce, kuma ko na sani ma wa zai buɗe baki ya hana gari sa hannu?

Lokacin da Wa Kamba ta iso, mariƙin famfon ya ƙi sauka da hannu, sai da ta sauke daro ta zauna a kansa. Na ƙarshe shi ne La Ramuli. Ya tsaya ya daɗe yana kallon bindigar ubansa, sannan ya tuɓe riga ya hau famfon nan da dukkan jikinsa, yana dannawa har gumi na ɗiga a katako. Na ji daɗi, na ce ashe duk da rigimar kwalekwale yaron nan da ladabinsa.

Da hantsi ruwa ya janye, gari ya ɗunguma zuwa bakin duwatsun murjani. Duk abin da ke iya yawo a kan ruwa an hau shi. Mu uku ne a kwalekwalenmu: La Ganiru a gaba, La Ramuli a tsakiya, ni a baya da kwandon kasuami a gabana.

Mijina ya miƙe tsaye, ya gyara tabarau, ya kafa gindin bindiga a kan ƙafarsa, ya zura mashi, ya kifa rabin ƙoƙon kwakwa a kan tsinin don kada ya huda masa hannu. Ya danna. Mashi bai motsa ba. Ya sake dannawa har jijiyoyin wuyansa suka fito. Ya kwanta a kai da ƙirji, ƙafafunsa suka bar ƙasa, ya yi lilo a sama yana wutsil-wutsil. Mashin nan ko gezau.

Na sunkuyar da kai ina kallon katakon da ya sassaƙa da hannunsa, na ji hawaye na neman zubowa.

Wani daga baya ya ce, “Tsufa ba shi da magani.”

La Ganiru ya sauko yana haki, ya miƙa wa ɗansa bindigar. “To kai mai sabuwar kafaɗa, ɗana min in gani.”

La Ramuli ya karɓa ya danna. Ya canja ƙafa ya danna. Ya yi nishi irin na mai naƙuda, ƙoƙon kwakwar ya dare gida biyu. Jama'a suka fashe da dariya.

“Kawo nan, yara ba ku cin abinci,” in ji La Poasa makaniki, mutumin da ke saɓa injin jirgi a kafaɗa ya hau tsani da shi. Aka miƙa masa da sabon ƙoƙo. Ya tofa yawu a tafin hannu, ya danna, sai muka ji ɓarrr. Wandonsa ne ya yage tun daga gaba har baya. Ya zauna da sauri ya ja taru ya rufa.

La Ganiru ya dafe ƙirji. “Jama'a, wa ya taɓa min bindiga? Na auna iskata daidai na ajiye!”

Liman ya yi gyaran murya. “Ni dai ɗan kaɗan na sa, don albarka.”

“Ni ma kaɗan,” in ji malamin makaranta.

“Ni zama kawai na yi a kai,” in ji Wa Kamba.

“Zama? Ke? Inna lillahi!”

Hannaye suka yi ta tashi daga jirgi zuwa jirgi, har da na wata tsohuwa da ba ta iya ɗaga buta. Liman ya duba hagu ya duba dama ya ga babu mai gaskiyar da zai yi wa wani faɗa. Ya ce sharaɗin ɗanawa da hannun mutum ɗaya ya faɗi, tunda gari ne ya ɓata awo, kuma abin da gari ya ɓata gari ke gyarawa. Aka tokare gindin bindigar da jikin babban jirgin La Poasa, maza suka yi layi a cikin ruwa iya ƙugu, na baya yana tura na gaba, mata na ba da waƙar jan jirgi. Mashin ya riƙa shiga kaɗan-kaɗan yana kuka, har muka ji cokalina ya ce ƙyas. Aka yi kabbara.

Aka koma wurin zurfi, La Ganiru ya karɓi abarsa ya sulale cikin ruwa. Duk abin da zan faɗa a kan mutumin nan, a cikin ruwa ba tsoho ba ne. Na leƙa ta gefe ina kallonsa yana sauka a natse, babu gaggawa, yadda na saba ganinsa tun ina yarinya ina fakewa da wankin tukunya don in kalle shi.

Sai na lura da wata inuwa a ƙarƙashinmu. Wani ƙaton bobara ne, kifin da ya kai tsawon ƙofa, ya gaji da hayaniya ya zo ya fake a inuwar kwalekwalenmu. La Ganiru ma ya gan shi. Ya zagaya ta ƙasa, ya juya rigingine, ya ɗaga bindiga sama. Na ga bakin bindiga yana kallona.

“Ramuli, ɗaga ƙaf—”

Dum! Kwalekwale ya yi tsalle. Mashi ya huda kifi, ya huda katako, ya fito tsakanin ƙafafun La Ramuli da nawa, ya tsire kwandon guzuri, ya tsaya cak a gaban hancina da kasuami guda a tsininsa. Ruwa ya fara ɓulɓulowa. Kifin da aka kafe a cikin jirgi ta ƙasa ya shiga fizge-fizge, muna ta rawa ba kiɗa.

La Ganiru ya ɓullo can nesa, don bindigar ta tunkuɗa shi baya, tabarau ya koma kan kunne. Ya yi ihu, “Na same shi?”

Na ce, “Ka same shi! Ka sami kwalekwale, ka sami abincin rana, saura ƙiris ka sami matarka!”

Ba dama a zare mashin, in an zare mu nutse. La Ramuli ya dube ni, ya dubi ƙafata. Silifas ɗina na dama, wanda na haɗa da wani aron na hagu, shi aka yayyaga aka cusa a gefen hudar. Haka muka tuƙo gida da kifi manne a ƙasa, gari na biye da mu ana guɗa.

A kan gada aka yi ta gardama ko La Ganiru ne ya kawo kifi ko kwalekwale ne ya kawo shi. Liman ya ce ba a yanke hukunci da yunwa, a fara dafa parende, miyar kifinmu, tukuna. Na tsaya a kan tukunyar da ludayi a hannu, duk wadda ta matso da gishiri na nuna mata hanya, a ce na zagi gari. Ana cikin ci La Ramuli ya ce, ba tare da ya ɗaga kai daga kwano ba, “Kwalekwale mai huda ba zai ɗauki ciyawa ba. A bar wa Baba abinsa. Sai dai bindigar nan kowa ya gani ba ta mutum ɗaya ba ce. Zan riƙa binsa da safe ina taya shi ɗanawa, in na dawo in je gona.”

La Ganiru ya ce, “In kana son koyo, ba zan hana ka ba.”

Da la'asar sakaliya, bayan an watse, na zaunar da shi ina shafa masa man kwakwa a kafaɗa. Ta kumbura sosai. Na ce, “Baban Ramuli, tunda nake da kai ko ƙugiya ba ka taɓa bari a waje ba. Yau ka bar bindiga da famfo a mararraba, ka tafi neman tabarau da ke wuyanka.”

Ya ce, “Da asuba na gwada. Na rage iskar har ta koma ba za ta huda ko ganyen ayaba ba. Duk da haka na kasa.” Ya goge ido da bayan hannu. “Bindigar da ta gagari tsoho ɗaya abin kunya ce. Wadda ta gagari gari kuwa, ai sai a yi ta labari. Kada ki gaya wa yaron.”

Washegari La Ramuli ya zo da sassafe da ƙaro da guntun katako, suka toshe hudar. Uban ya shiga ɗauko bindiga, na ja ɗana gefe na ce, “Kai, jiya da asuba ina kake?”

“Ƙarƙashin gidan nan, Inna, ina kwance igiyoyina.”

Daɓen ɗakin ajiyarmu tsagin gora ne, wanda ke ƙasa yana ganin komai. Na ce, “Me ka gani?”

“Ban ga komai ba.” Ya duƙa yana tattara ƙusoshi. “Kada ki gaya masa.”

La Ganiru ya fito ya saki iska da kan ƙusa har ta dawo daidai, ya miƙa. Yaron nan da na san zai iya ɗana ta yanzu da hannu ɗaya ya yi ta nishi yana cije leɓe, yana cewa, “Wash, Baba, wannan ai sai ku.” Uban kuma yana gyara masa tsayuwa yana faɗa, “Ba haka ba, sakarai, da nauyin jiki ake yi.”

Na tsaya a kan gada ba takalmi ina kallonsu, tsoho a gaba, yaro a baya yana tuƙi, har suka wuce turakun ƙarshe. Na yi kukana sosai, babu mai gani. Da na gama na share fuska na shiga ciki na ɓoye butar shayina a cikin buhun shinkafa, don tun jiya na ga yana auna bakinta da ido.